Farashin da Ake Raɗawa a Kunne

Miao Fulin bai taɓa faɗin kuɗin aikinsa da ƙarfi ba. Shekara talatin da 'yan kai yana ƙwaƙular kunne a gidan shayin Uwar ɗaki Shu, can bakin kogi a Chengdu, ƙarƙashin inuwar gora, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce. Sai ya gama aiki tsaf, ya zare gashin dinya daga kunnen mutum, ya kaɗa ɗan ƙarfensa mai amo ya ɗora a kan tsinke har tsigar jikin mutum ta tashi, sannan ya sunkuya ya raɗa kuɗin a cikin kunnen da ya share yanzu-yanzu. Wanda aka raɗa wa zai ji sarai, tunda kunne ya buɗe. Na kusa da shi kuwa ko ya miƙo wuya ba abin da zai tsinta.

In ka tambaye shi dalili cewa zai yi ladabi ne, wai ba a yi wa wanda ya lumshe ido ihun kuɗi a ka. Gaskiyar maganar ita ce kuɗin ba ɗaya ba ne. Tun mutum na shigowa daga ƙofa Miao ya gama auna shi. Takalmi yake fara dubawa, don a cewarsa takalmi ba ya ƙarya, sai agogo, sai harshe. Baƙon da ya zo daga Shanghai da kyamara a wuya yana tambaya ko da zafi, wannan yuan sittin ne. Ɗan gari arba'in. Matan da ke buga majan, wasan ƙwayoyi na kan tebur, daga hantsi har yamma talatin da biyar, saboda tsoron bakinsu. Shi bai ɗauki wannan a matsayin cuta ba, haka ya tarar da wanda ya koya masa aikin na yi.

Mutum ɗaya ne kuɗinsa bai taɓa motsi ba, shi ne Rong Weidao. Rong makaɗin ganga ne a tsohon gidan wasan gargajiya na unguwar, wanda aka rushe tuntuni aka gina kantin wayoyi a wurin. Lokacin da Miao ya zo birni daga ƙauyensu, da jakar tsinkaye da takalmin roba, Rong ne ya same shi yana kwana a bayan gidan wasan. Ya ja shi har gaban mai ƙofa ya ce, “Ƙanena ne, a bar shi ya yi aiki cikin 'yan kallo.” Daga ranar Miao ya fara cin abinci sau biyu a yini. Har yau, ga furfura a kan Miao ga jika a makaranta, “ɗan Miao” Rong yake ce masa, shi kuma ya amsa da “Yaya”.

Kowace Alhamis da hantsi Rong zai shigo, baƙar rigarsa a goge, maɓalli har wuya, ya zauna a kujerar da ke jingine da ginshiƙi. Ya kurɓi shayin yasmin, ya karkata kai, ya ba da kunne. Yana ji da kunnuwan nan nasa. Cewa yake makaɗi ba da hannu yake kiɗa ba, da kunne yake yi, kuma ko da yake rabonsa da ganga an jima, ba zai yarda su toshe ba. In an gama Miao ya sunkuya ya ce, “Goma, Yaya.” Sai Rong ya ɗaga farantin kofi ya sa takardar yuan goma a ƙasa, ya ɗora tsabar biyu a kai, ya faɗa yadda kowa zai ji: “Wannan na taba ne, ɗan Miao. Kar ka kai wa matarka.”

Goma kuɗin shekara ashirin da suka wuce ne. Da aka koma sha biyar, Miao ya ce bari sai wata mai zuwa ya gaya masa. A watan matar Rong ta kwanta asibiti. Da aka koma ashirin ta rasu. Daga nan kuma maganar ta yi wa baki nauyi. Miao ya san abin da ake ba tsofaffin 'yan wasa na fansho. Ya ga an juya bakin hannun rigar nan an sake ɗinkewa, ya ga yadda ake ƙara wa ganyen shayi ɗaya ruwa har ya koma fari fat. Ya kuma san mutumin. Rong ba ya karɓar karan taba sai in yana da wanda zai mayar. 'Yarsa da ke Shenzhen in ta turo masa kuɗi, sai ya haɗa da nasa ya mayar wa jikarsa a jar ambulan ranar sabuwar shekara. Irin wannan mutumin ba a ce masa an yi masa ragi, sai dai a ce masa goma.

Rigimar daga shayi ta faro. Wani kamfani ya zo ya liƙa wa kowane tebur ɗan tambari mai ɗige-ɗige. Ka haska shi da wayarka, jerin shayi ya fito, ka taɓa, ka biya, a kawo maka. Kamfanin ke tsara farashi, ya cire nasa ya turo wa Uwar ɗaki Shu nata. Ita dai ta ga ta sallami masu hidima biyu kuma kuɗi bai ragu ba, don haka ba ta tsaya tambaya ba. Tsofaffi suka yi guna-guninsu suka gaji suka saba. Rong ma ya saba, da wayar da 'yarsa ta bar masa lokacin da ta sayi sabuwa, waya mai tsada wadda abu uku kacal ya iya yi da ita.

Gwaggo Gu ce ta tono zancen. Tsohuwar kwandastar bas ce, ta ƙare ƙuruciyarta tana ba da canji a tsaye, ba a cin ta ko kwabo. Wata Alhamis cajin wayarta ya ƙare, ta karɓi ta ƙanwar mijinta da ta zo musu baƙunta don ta sayi shayi, sai ta tsaya tana kallon fuskar wayar.

“Ke, nawa kike ganin yasmin a nan?”

“Sha biyar.”

“Sha biyar a gidan uban wa? Jiya-jiyan nan ashirin da biyu na biya.” Ta juya wajen teburin majan. “Ku ajiye ƙwayoyin nan. Kowa ta fito da wayarta. Ku fito da su na ce!”

Aka jera wayoyi a kan tebur kamar kifi a kasuwa. Shayi ɗaya, tebur ɗaya, amma baƙuwa sha biyar, mai zuwa jefi-jefi sha takwas, 'yan kullum ashirin da biyu. Sai Gwaggo Gu ta hango Rong, kai a karkace, tsinken Miao a kunne.

“Malam Rong, miƙo taka mu gani.”

“Ba kya ganin ana aiki?”

“A kunne ake aikin, ba a hannu ba. Miƙo.”

Tasa ashirin da shida ta nuna. Tebur ya kwashe da dariya.

“Ashe da attajiri muke zama ba mu sani ba!”

“Malam Rong, a taimaka mana da rance mana, wata ya yi nisa.”

Rong bai yi dariya ba. Ya ɗaga hannu, Miao ya zare tsinke.

“Ai haka suke yi ko'ina,” in ji baƙuwar, tana ɓare 'ya'yan kabewa. “Ɗana ya gaya mini. Wayar kallonka take. Ta san irin wayar da kake riƙe da ita, ta san ranar da kake zuwa, ta san ba ka duba kuɗi kafin ka taɓa. In ta ga ka saba ba inda za ka, sai ta ɗan ƙara maka. Baƙo kuwa a lallaɓa shi don ya dawo.”

“Sabo turken wawa,” in ji Gwaggo Gu.

Rong ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin na mutumin da ya saba magana a kan dandamali.

“A zamaninmu tikiti a ƙofa ake rubuta shi. Shugaban masana'anta da mai shara kuɗi ɗaya suke biya, su zauna su kalli wasa ɗaya. Ni dai abin da na sani, duk wanda zai leƙa aljihun mutum kafin ya faɗi kuɗin kayansa ɓarawo ne, ko inji ne ko ɗan'adam. Ko ba haka ba, ɗan Miao?”

Miao yana goge tsinke da auduga. Ya ce, “Haka ne, Yaya. Karkato, da sauran na hagu.”

Akwai doka a kan wannan, ba a daɗe da kafa ta ba. Ta hana kamfani ya tattara bayanan mutum ya yanka masa farashi dabam da na maƙwabcinsa ba gaira ba dalili. Kowa a gidan shayin ya ji labarinta a rediyo, kowa ya ce ta yi kyau, ba kuwa wanda ya yi niyyar ɗaga waya saboda yuan bakwai. Rong ya ɗaga. A tsaye ya yi maganar, hannu ɗaya a baya, ya faɗi cikakken sunansa da tsohuwar sana'arsa, ya kuma ce a rubuta cewa ba don kuɗin ya kira ba.

Bayan 'yan makonni ma'aikata biyu suka zo daga hukumar kasuwanni, mace da namiji. Suka jera wayoyi yadda Gwaggo Gu ta jera, suka ɗauki hoto, suka ƙi shan shayin da aka kawo musu. Maganar kamfani ta manya ce, suka ce, za ta tafi sama. Ita kuwa Uwar ɗaki Shu gargaɗi aka yi mata: duk abin da ake sayarwa a gidan nan a rubuta kuɗinsa inda ido zai gani. Suna shirin fita macen ta ji ƙarar ƙarfen Miao, ta waiwaya.

“Wannan fa? Naku ne?”

“Yana dai ba ni kaso,” in ji Uwar ɗaki Shu.

“To ina kuɗinsa a rubuce?”

Ba ta jira amsa ba, ta bi abokin aikinta.

Da yamma Uwar ɗaki Shu ta kira Miao bayan kantar biyan kuɗi, alli a hannu, sabon allo a jingine.

“Nawa zan rubuta?”

“Haba Uwar ɗaki, dokar nan ai ta inji ce. Ni waya ce? Bayanan wa nake tattarawa?”

“Ka fi waya, malam. Waya ba ta kallon takalmi.” Ta buga allin a kan kantar. “Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Mutanen nan ba za su sake tako mini gida ba. Kuɗi ɗaya, a allo, a biya a kanta. Nawa?”

Goma ta zo masa har bakin harshe. Sai ya tuna kuɗin haya, da kason Uwar ɗaki, da makarantar jikansa. Goma ga kowa ai komawa ƙauye ce.

“Arba'in. Amma a ƙasa ki sa: tsofaffi goma.”

Ta yi dariya ta nuna masa kujeru. “Duba can. Nuna mini wanda ba tsoho ba.”

Dole ya gaya mata zancen Rong da gomarsa. Ta riƙa juya allin, don ita ma ta san Rong tun tana yarinya a bayan uwarta. Can ta ce, “Kai ma ka iya ɗauko wa kanka. To ka je ka gaya masa kafin Alhamis, kar ya gani a bango.”

Ya je kuwa. Ya sayi lemo cikin leda ya hau bene har hawa na biyar. Rong ya karɓe shi da murna, ya dafa ruwa, ya zauna yana ba shi labarin yadda ya yi da ma'aikaciyar waya, har yana kwaikwayon muryarta. Ya ce, “Ka gani, ɗan Miao? Mutum ba ya tsufa da amfani.” Miao ya buɗe baki sau biyu, sau biyun duka shayi ya zuba a ciki. Da zai tafi Rong ya cusa masa tulun barkonon da ya jiƙa da kansa, wanda ya fi lemon tsada. Miao ya sauko benen da tulu a hannu, maganar na nan a cikinsa.

Ranar Alhamis ya tarar an rataye allon, kuma duk faɗin gidan ba a sami wurin rataye shi ba sai ginshiƙin da kujerar Rong ke jingine da shi. Layin ƙarshe shi ne nasa. Ya tsaya ya dubi allon, ya dubi ƙofa, sai ya cire tawul daga kafaɗarsa ya rataya a kan ƙusar gefe yadda zai rufe layin. Dabara ce ta yara, shi ma ya sani. Abin da ya dogara da shi kawai idon Rong ba ya ganin rubutu sai da tabarau, tabarau kuwa a gida yake barin sa don kar a ce ya tsufa.

Rong ya shigo aka yi masa tafi. Wani ya ja masa kujera, wani ya miƙa masa taba, ya karɓa ya mayar da tasa. Yasmin yanzu sha takwas ne ga kowa. Ya ɗaga kai ya dubi allon yana ƙanƙance ido.

“Gu, karanta mana. Da muryar nan taki ta bas, na baya ma su ji.”

Gwaggo Gu ta miƙe, ta riƙe ƙugu.

“Yasmin, sha takwas! Ku matsa ciki, akwai wuri! Koren shayi, ashirin! Ruwan zafi zalla, biyar, na marowata ke nan. 'Ya'yan kabewa, takwas. Teburin majan... Kai, wa ya shanya tsumma a kan doka?”

Ta fizge tawul ɗin ta jefa wa Miao.

“Ƙwaƙular kunne, arba'in!”

Rong ya juyo yana murmushi, yana kaɗa yatsa.

“Ɗan Miao, ɗan Miao. Daga goma zuwa arba'in a dare ɗaya? Wato ka fake da dokata ka yi mana yankan rago. To ba a yi haka ba, sai na sake ɗaga waya.”

“Wace goma?” in ji Gwaggo Gu. “Ni talatin da biyar nake ba shi shekara da shekaru. Yanzu ma biyar ya ƙara mini, mugun.”

“Talatin da biyar?” Wani mai sayar da gidaje da ke teburin gefe ya ajiye kofi. “Ni hamsin yake raɗa mini!”

“Ai kai ka ga takalminka?”

Aka sake fashewa da dariya, kowa na faɗin nasa, wannan arba'in, wancan arba'in da biyar, ana nuna Miao da yatsa ana ce masa tsohon ɓarawo. Dariyar ba ta mutu lokaci ɗaya ba. Tebur-tebur ta riƙa mutuwa, yadda kowa ya riƙa tuna lambar da Rong ya faɗa. Gwaggo Gu ce ta ƙarshe. Ta zauna a hankali ta shiga jera ƙwayoyin majan da suke a jere.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Miao yana tsaye da tawul a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

Rong bai ɗaga murya ba. “Tun yaushe?”

“An ɗan jima, Yaya.”

“Na ce tun yaushe.”

“Tun matar Yaya tana asibiti.”

Rong ya gyaɗa kai. Ya ɗan juya kofinsa a kan faranti.

“Ita wayar an ce tsadarta aka duba, da ranar zuwana. Kai fa? Me ka duba?”

Idon Miao ba ya jin magana, shekara talatin yana aiki ɗaya. Ya sauka da kansa kan bakin hannun rigar, inda aka juya aka sake ɗinkewa. Rong ya bi kallon. Ya janye hannun ya sa ƙarƙashin tebur.

“Injin da na kai ƙara,” ya ce, “ya dube ni ya ga mutumin da zai iya biya. Kai kuwa ka dube ni duk shekarun nan kana ganin wanda ba zai iya ba.”

“Yaya, ba haka ba ne. Kai ka shigar da ni gidan wasa. Ba don kai ba...”

“Na ce ka biya ni?”

“Ba ka ce ba.”

“Kuma kana karɓar biyun nan. Ina ɗora maka a gaban jama'a ina cewa na taba ne, kana sa hannu biyu kana cewa ka gode.”

Wannan ce ta fi yi wa Miao ciwo, don gaskiya ce. Kunya ta kama shi, haushi ma ya kama shi, haushin mutumin da ya yi alheri aka kama shi da shi kamar kayan sata. Ya so ya ce to da yaya zan yi, in ƙi karɓa ka gane?

Rong ya ɗauki murfin kofin ya kifa shi a ciki, alamar a kwashe ke nan, alhali ko ruwa na biyu ba a zuba wa ganyen ba. Ya miƙe, ya gyara maɓallin wuya, ya sunkuyar da kai ga teburin mata, ya fita. Ranar ba a taɓa masa kunne ba.

“Tsuntsun da ya ja ruwa,” wani ya fara, Gwaggo Gu ta ce masa ya rufe mata baki.

Doka dai ta yi aikinta, ba wanda zai ce ba ta yi ba. Aka ji an ci kamfanin tara, aka sa shi ya saka wani ɗan maɓalli a manhajar wanda in ka taɓa za ta daina bin sawunka. Tsofaffin gidan shayi suka taɓa shi dukansu a yini ɗaya, wasu sau biyu don tabbatarwa. Shayi ya zama kuɗi ɗaya. Baƙin Shanghai suka sami sauƙin ashirin ba su ma sani ba, matan majan suka yi mitar biyar ɗinsu suka haƙura. Abin da Miao ke kaiwa gida bai canza sosai ba. Har yanzu in mutum ya shigo idonsa kan tafi kan takalmi, sai dai ba abin da zai yi da abin da ya gani.

Alhamis ta zo kujerar ginshiƙi ba kowa. Ta sake zagayowa, wani ɗalibi ya zauna a kai da littafi, Miao ya ji kamar ya tashe shi. Ya wanke tulun barkono ya cika shi da gyaɗa don ya sami dalilin hawa benen, ya kai har ƙofar ginin ya dawo da abinsa. Gwaggo Gu ta ce ta ga mutumin a kasuwar kayan miya lafiyarsa lau, ta gaishe shi ya amsa, amma sai da ta faɗa sau biyu kafin ya ji.

Sai da wata ya zagayo ya dawo. Baƙar riga a goge, maɓalli har wuya. Bai nufi kujera ba, kanta ya fara zuwa. Miao yana kallo daga nesa ya ga ya zaro takardun goma-goma guda huɗu, kowace da irin ninkinta, ya jera wa Uwar ɗaki Shu. Goman kowace Alhamis ce da bai zo ba. Ya sayi yasmin, ya karɓi rasit, ya zo ya zauna a wurinsa. 'Yan majan suka gaishe shi ba tare da sun ɗago ba, wanda a wajensu babbar kara ce.

Miao ya matso da jakarsa.

“Malam Miao,” in ji Rong, “in kana da sarari.”

Miao ya tsaya. Tun yana ɗan shekara ashirin da biyar bakin nan bai taɓa kiran sa haka ba. Ya ɗaura fitilarsa a goshi ya ce, “Akwai sarari, Yaya.”

Kunnuwan sun tara, na hagu ya kusa toshewa. Ya yi aikin a hankali, tsinke bayan tsinke, ya daɗe fiye da yadda yake daɗewa a kan kowa. Rong ya lumshe ido. Da aka zo kan ƙarfe, aka kaɗa aka ɗora, yatsunsa biyu suka ɗan buga hannun kujera yadda suka saba, sannan suka tsaya.

Miao ya zare gashin dinya. Jikinsa ya sunkuya da kansa, bakinsa ya kai daidai kunnen, sai a nan ya tuna ba shi da abin raɗawa. Ya tsaya a haka, numfashinsa na taɓa furfurar mutumin.

“Yaya...”

“Na biya a kanta.”

Rong ya shanye shayinsa, ya miƙe, ya ce sai wata mai zuwa, ya fita ta ƙarƙashin gora. Miao ya naɗe tsinkayensa ɗaya bayan ɗaya. Da zai bar teburin hannunsa ya kai kan farantin kofin ya ɗaga. Ba komai a ƙasa sai zoben ruwa, ya sa tawul ya goge.